Jirgin shaƙatawa a Yawuri: zanen iska ko inji?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum. Ina son a ƙera mini jirgin katako na mita shida, don fita da iyali daga Yawuri zuwa tafkin Kainji. Tsadar fetur ta sa nake tunanin kafa masa zanen iska in bar inji. Zai yiwu?

Baban Hajara: Wa'alaikumus salam. Zai yiwu, amma tun wajen maƙeri za ka faɗa masa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, in iska ta bugo ta gefe, zamewa yake yi a karkace. Sai an sa masa katako mai nutsewa a ruwa, a tsakiya ko a gefe, wanda za ka iya ɗagewa a wurin da ba zurfi. Ko da shi, zane ba ya fuskantar iska kai tsaye. Iyakarsa kusan digiri 45 daga inda iska ke fitowa, kana tafiya kana sauya gefe. Da hunturu iskar arewa maso gabas za ta kai ka kudu cikin daɗi. Dawowa ce aikin, ga iska a gaba, ga ruwan Neja yana jan ka baya.

Bakanike: Alhaji, kada ka fita da yara ba inji. Yamaha mai doki 15 ya ishe ka. In ka murɗa shi duka, yana shan kusan lita 7 a awa. A rabin gudu ya ragu sosai. Tankin fetur lita 25 rabin litar man inji ake haɗa masa, na inji mai bugu biyu, ba baƙin man mota ba, don shi ke toshe fulogi. Da ka tayar, duba ruwan sanyaya inji da yake fitsararwa ta baya. In ya tsaya, kashe nan take: ko kainuwa ta toshe mashigar ruwa, ko robar famfo ta cinye. Minti kaɗan inji zai ƙone. Raba fetur uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya.

Malam Na-Ngaski: Abin da ya fi damuna shi ne damina. Hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma tana riga ruwan isowa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, sauke zane, ba sai ka ji iska a fuska ba. Igiyar zanen a hannu ake riƙe ta, ba a ƙulle ta. Sannan kututturan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 suna nan. In ruwa ya ja baya, rage gudu, ka tafi da farfela ta biyu, filafili biyu da rigar hana nutsewa ga kowa.