Ɓarawo haifarsa ake yi, ko mayar da shi ake yi?

Auta: Assalamu alaikum. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Yaron da aka kama a bakin titinmu ya ƙwace wayar wata baiwar Allah, na san shi tun yana yi wa kakarsa tallan ƙosai. Na gan shi zaune a ƙasa, silifa ɗaya a ƙafa, leɓe a fashe, yana ta kare kansa da hannu. Uban ya rasu yana goye, bai gama firamare ba, majalisar da ya tashi a ciki ta 'yan shaye-shaye ce. Ni dai a ganina wannan yaro bai zaɓi komai ba. Ko waye aka ɗora a kan hanyar nan, inda ya ƙare nan zai ƙare.

Kawu: Wa alaikumus salam, 'yata. Mun yarda bai zaɓa ba, amma ba don talauci ba. Na yi aikin gandiroba har na yi ritaya, kuma da idona na ga uba ya fita, bayan shekaru ɗansa ya shigo ɗaki ɗaya da laifi iri ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin a jini yake.

Yaya: Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan magana an taɓa gwada ta. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi littafi yana cewa mai laifi haifarsa ake yi, har ana gane shi a siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwa. Sai wani likitan kurkuku a Ingila, Charles Goring, ya auna fursunoni kusan 3,000 ya kwatanta su da waɗanda ba fursunoni ba. Da ya fitar da sakamakon a 1913, babu wata siffa da ta keɓanta da masu laifi. Binciken da ya fi kama hankalina shi ne na garin Dunedin a Niyu Zilan, inda aka bi rayuwar yara kusan 1,000 tun daga haihuwa. A 2002 suka bayyana cewa wani nau'in ƙwayar gado ba ya sa namiji tashin hankali shi kaɗai, sai in an haɗa masa da azabtarwa tun yana ƙarami. Kuma ɗan da kika gani, Auta, da wanda Kawu ya gani, ba jini kaɗai suka gada ba, har da gida da unguwa.

Gwaggo: Ku dakata. Wan yaron nan, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a bayan makarantarmu, shi ya ɗinka wa yarana kayan sallah. Tukunya ɗaya suka ci, yunwa ɗaya suka kwana da ita. Me ya hana shi ɗaukar wuƙa? Kuma babu wanda ya tambayi matar. An yanke ta a hannu, ɗinki shida aka yi mata. In muka ce bai zaɓa ba, me za mu gaya mata?

Auta: Gwaggo, wan ya samu maigidan da ya riƙe shi yana ɗan shekara goma. Ƙanin bai samu ba. Wannan ma ai ba zaɓinsu ba ne.

Yaya: Hujjarki ke nan irin ta lauya Clarence Darrow a Shikago, 1924. Samari biyu, Leopold da Loeb, suka kashe yaro ɗan shekara 14. Darrow ya ce halitta da tarbiyya ne suka ƙera su haka, suka tsira daga rataya, aka yi musu ɗaurin rai da rai. Amma lura, 'ya'yan attajirai ne, 'yan jami'a. Hujjar da za ta wanke mai tallan ƙosai ta kuma wanke ɗan mai kuɗi, anya ta bambance mana wani abu?

Baba Malam: 'Ya'yana, wannan gardama ta girme mu duka. Jabariyya sun ce bawa kamar gashin tsuntsu yake a iska, malaman Sunna ba su karɓa ba, domin in babu zaɓi, umarni da hani ba su da ma'ana. Amma shari'a ba ta runtse ido ga dalili ba. An ɗauke alƙalami daga yaro, da mai barci, da wanda hankalinsa ya gushe. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarayi a shekarar fari ba. A Muwaɗɗa kuma, bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya juya kan maigidansu. Mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya sa aka biya shi 800. Bai ce ba a yi sata ba, bai bar mai dukiya da asara ba, ya dai nemi wanda ya ƙuntata musu hanya ya ɗora masa nasa kason.

Gwaggo: To a nan wa zai biya kason? Mai sayar musu da ƙwaya? Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, amma har yau kowa ya san lungun da yaran ke zuwa. Ko mai sayen wayar sata a rabin kuɗi?

Auta: Har da mu, Gwaggo. Sau nawa na wuce shi a bakin kwalbati ido jajir, na ɗauke kai? Na yarda hannunsa ne ya ɗauki wuƙar. Amma ban yarda hanyarsa da tawa faɗinsu ɗaya ba.

Kawu: Maganar jini ban janye ta duka ba, Baba Malam, abin da na gani na gani. Sai dai akwai abin da na fi tsoro. Na sha karɓar yaro da laifin satar akuya, ya shekara biyu yana jiran shari'a cikin 'yan fashi, ya fita ya dawo mana da laifin bindiga. In aka jefa wannan can aka manta da shi, na san yadda zai fito.

Gwaggo: Gobe bayan la'asar zan je duba matar, daga nan in biya wajen kakarsa. Yaya, ka zo ka ga hannun nata. Kai kuma Kawu, da ka san aikin, ka ɗauki wan nasa ku je ofishin 'yan sanda ku ji kotun da za a kai shi.

Kawu: Ki ce masa ya same ni a ƙofar gida ƙarfe tara.