Muhawara: Shin sai mutum ya kalli tsofaffin fina-finai kafin ya cancanci yin sharhi?

Aminu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da magana biyu da nake so a auna mini. Ta farko ita ce, duk wanda bai zauna ya kalli fina-finan da aka yi kafin 1970 ba, ba shi da hurumin kiran kansa mai sharhi, domin abin da yake rubutawa ra'ayin ɗan kallo ne kawai. Hujjata ita ce yawancin dabarun da ake taƙama da su a yau a wancan zamanin aka ƙago su. A 1925 daraktan Tarayyar Sobiyet Eisenstein ya nuna a *Battleship Potemkin* yadda yanka hotuna da jera su kan tayar wa mai kallo hankali ba tare da an furta kalma ɗaya ba. A 1941 Orson Welles da mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland sun sa na kusa da na nesa duk sun fito tar a hoto guda a cikin *Citizen Kane*. Sau da yawa nakan karanta sharhin da ake kambama wani darakta saboda ya ba da labari ɗaya ta bakin shaidu da dama masu saɓa wa juna, alhali daraktan Japan Kurosawa ya yi haka a *Rashomon* tun 1950. Magana ta biyu kuma, fina-finan zamanin da, a dunƙule, sun fi na yanzu inganci.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Aminu. Zan fara da maganarka ta biyu domin ta fi rauni. Abin da kake kira fina-finan da ba shi ne abin da mutanen wancan zamanin suka kalla ba. Ɗan abin da ya rage ne bayan shekaru sun rairaye sauran. Kamfanonin Hollywood kaɗai suna fitar da ɗaruruwan fina-finai a kowace shekara, kuma mafi yawansu ba wanda yake tuna sunansu. Wasu ma babu su a duniya kwata-kwata: rahoton da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa sauti da aka yi a ƙasar sun salwanta, domin zaren fim na lokacin yana ruɓewa kuma yana kamawa da wuta cikin sauƙi, kamfanonin kuma ba su ga amfanin adana shi ba bayan sauti ya shigo. Kana ɗaukar zaɓaɓɓun shekara hamsin kana gwada su da duk tarkacen da aka fitar bana, ka ga kuwa ba a yi adalci a wannan awo ba.

Malam Bashir: Malama ta gama da wannan, ba ni da ƙari. Amma a kan ta farko ina bayan yaron nan, kuma tarihin sharhin fim yana bayansa. Matasan da suka yi rubutu a mujallar *Cahiers du cinéma*, wadda aka kafa a Faransa a 1951 da André Bazin cikin jagororinta, makarantarsu ita ce ɗakin adana fina-finan da Henri Langlois ya assasa a 1936, inda suke wuni suna kallon tsofaffin ayyuka. Ɗaya daga cikinsu, François Truffaut, yana da shekara 21 lokacin da ya buga maƙalar da ta girgiza masana'antar ƙasarsa a 1954, kuma ba ƙarfin hali kaɗai ya ba shi bakin magana ba, yawan abin da ya gani ne. An hana shi halartar bikin fina-finai na Cannes a 1958 saboda kaifin alƙalaminsa, sai ga shi a 1959 ya karɓi lambar gwarzon darakta a wurin. Saboda haka ƙuruciya ba aibi ba ce a wannan fage, rashin kallo ne aibi.

Zainab: Allah ya ƙara girma, Malam, amma ina ganin misalin nan ya fi taimaka wa masu adawa da Aminu. Wa Truffaut ya soka a waccan maƙala? Manyan fina-finan da dattawan zamaninsa suke girmamawa, waɗanda ake ɗauka su ne ma'aunin inganci. Su wa shi da abokansa suka kare? Hitchcock da Howard Hawks, daraktocin Hollywood da suke kan aiki a lokacin, waɗanda masana da yawa suke yi wa kallon masu nishaɗantar da jama'a don neman kuɗi. Wato abin da ya ɗaukaka waɗannan matasa shi ne sun gane darajar sabon abu kafin kowa ya yarda da ita. Da Aminu yana raye a 1954 da irin ra'ayinsa na yau, ina tsoron da yana cikin waɗanda Truffaut yake yi wa raddi.

Sa'an nan ina so a faɗa mini waɗanne tsofaffin fina-finai ne wajibi, kuma wa ya wajabta su. Mujallar *Sight and Sound* ta Birtaniya tana tambayar masu sharhi waɗanne fina-finai ne suka fi kowanne, duk bayan shekara goma tun 1952. A karon farko *Bicycle Thieves* na De Sica ya zo na ɗaya, yana da shekara huɗu kacal da fitowa, wato sabon fim ne a lokacin. Daga 1962 zuwa 2002 *Citizen Kane* ya riƙe kambun. A 2012 *Vertigo* na Hitchcock ya ture shi, fim ɗin da bai samu cikakkiyar karɓuwa ba da ya fito a 1958. A 2022 kuma, bayan an faɗaɗa masu jefa ƙuri'a daga 846 zuwa sama da 1,600, sai *Jeanne Dielman* na Chantal Akerman ya hau sama. Fina-finan ba su canza ba, masu zaɓen ne suka canza.

Aminu: Yaya Zainab, duk waɗanda suka jujjuya wannan jeri mutane ne da suka kalli na farkon kafin su fifita na bayan. Ba wanda ya ture *Citizen Kane* cikin rashin sani. Ni ban ce a bauta wa tsohon fim ba, cewa na yi a san shi. Satyajit Ray ya kalli *Bicycle Thieves* a Landan a 1950, ya koma Indiya da yaƙinin cewa za a iya yin fim a fili da mutanen da ba 'yan wasa ba, kuma daga nan *Pather Panchali* ya fito a 1955. Mai sharhin da bai san wannan zare ba zai iya cewa fim ɗin ya burge shi, amma ba zai iya cewa daga ina ya taso ba, balle ya nuna inda ya rabu da wanda ya gabace shi.

Dakta Kabiru: Ina ganin kuna cakuɗa ayyuka biyu. Akwai wanda yake gaya wa mutane ko sabon fim ya cancanci lokacinsu, kuma shi abin da ake buƙata gare shi ido ne mai lura da harshe mai gaskiya. Akwai kuma wanda yake so ya ajiye fim a gurbinsa na tarihi, ya ce wannan sabo ne, wancan aro ne. Shi kam sharaɗin Aminu ya hau kansa. Matsalar da na fi gani a rubutun matasa masu son tsofaffin fina-finai ba ƙarancin kallo ba ce, hadda ce. Sukan shiga fim sun riga sun karanta cewa gagarabadau ne, su fito su maimaita abin da suka karanta da sababbin kalmomi. Haɗarin wannan yana fitowa fili a kan *The Birth of a Nation* na 1915, wanda aka daɗe ana koyar da shi saboda dabarun daraktansa Griffith, alhali fim ne da ya wulaƙanta baƙar fata ya kuma mayar da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsanar baƙar fata a Amurka, jarumai. Wanda ya koyi jinjina wa tsohon aiki kawai, idan ya zo nan sai bakinsa ya mutu.

Malama Hadiza: Akwai kuma matsala a shekarar da ka yanke, Aminu. Idan aka tsaya a 1970, kusan an rufe wa Afirka ƙofa. Dokar Laval ta 1934 ta sa ba a ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa take mulka sai da izinin hukuma, abin da ya sa ɗaliban Afirka suka yi *Afrique sur Seine* a Faris a 1955. Dogon fim na farko na Ousmane Sembène sai a 1966 ya fito, *Touki Bouki* na Djibril Diop Mambéty a 1973, *Yeelen* na Souleymane Cissé kuma a 1987, shekarar da ya samu lambar alƙalai a Cannes. Fim ɗin Akerman da aka ambata ma na 1975 ne. Iyakar da ka shata ta dace da tarihin ƙasashen da suka samu kyamara da wuri, ba da tarihin fim baki ɗaya ba.

Malam Bashir: To, ɗana, ga gwajin da maganar Dakta ta jawo maka. Ɗauki ɗaya daga cikin ukun da ka buɗe da su, ka faɗa mana rauninsa da bakinka.

Aminu: Na karɓa, Malam. A *Battleship Potemkin* babu mutum ko ɗaya da za ka ce ka san shi. Kowa alama ce, wannan azzalumi, wancan wanda aka zalunta, kuma an tsara kowane hoto ne don kada a bar wa mai kallo damar yin shakka. Kisan gillar da aka nuna a kan matakalar birnin Odessa ma bai faru a wurin yadda aka nuna shi ba, amma ƙarfin jera hotunan ya sa mutane da yawa sun ɗauka tarihi suke kallo. Farfaganda ce da gwani ya yi. Sai dai ku lura, ban iya faɗin wannan ba sai da na kalle shi.

Zainab: Ka kalle shi, mun yarda. Amma zancen matakalar nan a rubuce ka same shi, ba a fim ɗin ba, kuma yana cikin kusan kowane littafin da ya yi magana a kansa. Dakta hadda ya ce, kuma ba a fitar da haddar suka daga ciki ba. Faɗa mana wani abu a kan *Rashomon* wanda idonka ne ya gano shi.