"Suna linzami ne": yana kai takwara ga sana'ar takwaransa?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya, ina cikin duba takardun jarrabawa, na ci karo da amsar da ta sa na ajiye jan biro. Tambayar ita ce a bayyana ƙa'idar hannun hagu ta Fleming, wadda ake miƙa babban yatsa da manuni da na tsakiya don a gane inda waya mai ɗauke da lantarki za ta motsa idan tana tsakanin maganaɗisu. Yaron ya zana hannun daidai, sannan ya ƙara da cewa wannan bawan Allah shi ne kuma ya gano fenisilin. Na kira shi na nuna masa cewa mutum biyu ne. Mai ƙa'idar hannu John Ambrose Fleming ne, injiniyan lantarki, haifaffen Ingila a 1849, wanda ya ƙirƙiro kwalbar lantarkin nan da tsofaffin rediyoyi suka yi aiki da ita, a 1904. Mai fenisilin kuwa Alexander Fleming ne, likita ɗan Sikotilan, wanda a 1904 ɗin yana ɗalibi a asibitin St Mary's da ke Landan, kuma sai a 1928 ya lura da fumfunar da ta kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwajinsa. Yaron ya saurara, sai ya ce, "Malam, ai suna linzami ne, tunda duk su biyun sun gano wani abu." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini. Shin wannan karin maganar ta dace da takwarori, ko yaron ya ɗora mata kayan da ba nata ba?

Hajiya Talatu:
Wa alaikumus salam, ɗana Sabi'u. Na yi shekaru ina koyar da Hausa kafin na ajiye aiki, kuma abin da na sani shi ne maganar tana da fuska biyu a bakin mutane. Ta farko, kuma ita nake ganin ta fi tsufa, ita ce suna abin juyo da mutum ne. Kana tafiya cikin kasuwa, hayaniya ta cika kunnenka, sai wani ya ambaci sunanka daga baya, ka waiwaya ba tare da ka yi shawara da zuciyarka ba, kamar yadda doki yake juyawa idan an ja masa linzami. Ta biyu ita ce suna yana jan hali, shi ya sa idan an ga Haƙuri tana da haƙuri, ko Adamu mai laƙabin Gagarau ya gagari unguwa, sai a ce ai suna linzami ne. A duka fuskokin biyu magana ake yi a kan mutum ɗaya da sunansa. Ɗalibinka ya ɗauki linzami guda ya saka wa dawakai biyu, kuma ban taɓa jin an yi amfani da ita haka ba. Abin da Bahaushe yake da shi don irin wannan shi ne "kama da wane ba ta wane".

Lawal Ɗan Funtuwa:
Hajiya, a gafarce ni, ni ina ganin yaron bai yi nisa da hanya ba. Mu da kanmu idan muka sa wa yaro sunan wani malami ko wani alƙali, fata muke yi ya ɗauko halin mai sunan, har ma mu riƙa kiransa Malam ko Alƙali tun yana rarrafe. Idan ba mu yarda cewa suna yana ɗaure takwara da takwaransa ba, me ya sa muke yin haka? Ku duba sunan Bell a birnin Edinbara kaɗai. Charles Bell, likitan fiɗa da aka haifa a can a 1774, shi ne ya yi bayanin jijiyar fuska, har yau ciwon nan da ɓarin fuska yake shanyewa baki ya karkace da sunansa likitoci suke kiransa. Joseph Bell, shi ma likitan fiɗa ne a wannan birnin, an haife shi a 1837. Alexander Graham Bell mai wayar tarho shi ma a Edinbara aka haife shi, a 1847. Suna ɗaya, gari ɗaya, mutum uku, kowanne ya bar abin da ake tunawa da shi.

Dakta Rabi:
Yaya Lawal, misalinka yana da daɗin ji, amma idan aka bi tarihin kowannensu sai a ga abin da ya ja su gida ne, ba suna ba. Charles Bell a hannun yayansa John, wanda shi ma likitan fiɗa ne, ya koyi aiki. Joseph Bell ya fito daga zuriyar da ta daɗe tana fiɗa. Shi kuwa mai tarho bai taɓa zama likita ba. Kakansa da mahaifinsa malaman koyar da lafazi ne, mahaifiyarsa tana da matsalar ji, shi kansa malamin kurame ne a Boston, kuma matar da ya aura kurma ce. Neman hanyar da sauti zai bi ya isa ga wanda ba ya ji shi ya kai shi ga wayar da ya samu takardar mallakarta a 1876. Karin maganar da ta dace da su ukun ita ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", domin kowa gudun gidansu ya yi. Sannan akwai bambanci tsakanin sunan yanka da ake zaɓa wa jariri da fata, da sunan zuriya irin na Turawa wanda ba wanda ya zaɓa. Fleming asalinsa yana nufin mutumin Filandas ne, wani yanki da yawancinsa yake ƙasar Beljiyam a yau, kamar yadda za mu ce Bagobiri ko Bakatsine. Ba wanda zai ce duk Bagobiri sana'arsu ɗaya.

Baba Ɗanjuma Bakanike:
Ku bar ni in sa baki, ko da yake ni ba mai zurfin boko ba ne, jikana ne yake rubuta mini. Na yi fiye da shekara talatin ina gyaran injin niƙa, kuma injin da ya ciyar da ni da iyalina shi ne Lista. Wanda ya san shi ya san yadda ake tayar da shi da asuba: ka duba ruwan da ke cikin duro, ka zuba gas, ka saka hannun juyawa ka yi ta murzawa har ƙafar nan mai nauyi ta ɗauki gudu, sannan ka saki, ya yi tari biyu ko uku ya kama, bel ya fara kaɗawa, mata su matso da ƙwaryar dawa. Ranar da aka kwantar da ni za a yi mini aikin gwaiwa, wani ma'aikacin jinya yana goge mini ciki da magani mai sanyi ya ce ai wannan tsabtar Lista ne ya koya wa duniya. Na ce masa ashe mutumin nan bai tsaya ga inji ba. Ya yi dariya har ya ajiye audugar. Don haka ni ban ga laifin yaron ba, abin da ya same shi ya sami mai furfura.

Malam Sabi'u:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka faranta mini rai. Abin mamakin shi ne shekara guda ta haɗa Lista biyun, mai inji da likita. A 1867 Robert Ashton Lister ya kafa masana'antarsa a garin Dursley na Ingila, inda ya fara da kayan aikin gona kafin a zo ga injina, kuma a wannan shekarar ce Joseph Lister, yana aiki a Gilasgo, ya wallafa bayanin yadda yake wanke rauni da sinadarin kabolik don kada ya ruɓe. Likitan ya gwada hanyar tun 1865 a kan wani yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya karya wa ƙafa har ƙashi ya fito waje, irin karayar da a wancan zamani yawanci yanke ƙafar ake yi, kuma yaron ya warke da ƙafarsa.

Hajiya Talatu:
In ƙara muku wani abu da zai yi wa masu cewa suna yana jan sana'a wuyar amsawa. Kalmar Lister a tsohon Turanci marini take nufi. Da suna yana ja da gaske, da duka biyun a bakin karofi za a same su, irin na Ƙofar Mata, hannuwa shuɗi. Mahaifin likitan kuwa ɗan kasuwa ne wanda a lokacin hutunsa ya gyara gilasan madubin ƙara girma har masana suka karɓe shi cikinsu, don haka yaron ya tashi a gidan da ake leƙa ƙananan halittu. Maganar 'yata Rabi ce ta sake fitowa.

Lawal Ɗan Funtuwa:
To, na karɓi maganar sunan zuriya, amma ina da sunan yanka guda wanda ba na jin za ku iya ture shi. A Amurka an yi wani mutum da iyayensa suka raɗa masa suna Doctor, wato Likita, saboda wani likita da suke girmamawa. Cikakken sunansa Doctor Willard Bliss, kuma ya girma ya zama likita, har shi ne ya jagoranci jinyar Shugaba James Garfield bayan an harbe shi a ranar 2 ga Yuli, 1881. Idan wannan ba linzami ba ne, ban san mene ne linzami ba.

Dakta Rabi:
Yaya Lawal, ka kawo labarin da muke koyar da ɗalibai da shi, amma ba don yabo ba. Harsashin da ya shiga bayan Garfield bai taɓa wurin da dole ya kashe shi ba. Abin da ya biyo baya shi ne likitoci sun riƙa zura yatsunsu da ƙarafunansu cikin raunin ba tare da wankewa ba, suna lalube, alhali Joseph Lister da kansa ya je Filadelfiya a 1876 ya yi wa likitocin Amurka bayanin hanyarsa, da yawansu kuma suka yi kunnen uwar shegu. A nan ne Bell mai tarho ya shigo labarin. Ya haɗa wata na'ura mai yin ƙara a kunne idan ta kusanci ƙarfe, ya kawo ta fadar shugaban don a gano inda harsashin yake. Bliss ya riga ya yanke cewa harsashin yana ɓangaren dama, don haka can aka sa Bell ya duba, ga shi kuma gadon da shugaban yake kwance a kai yana da wayoyin ƙarfe da suka rikita na'urar. Garfield ya rasu ranar 19 ga Satumba, bayan raunin ya cika da mugunya, kuma da aka buɗe gawar sai aka sami harsashin a ɓangaren hagu. A ɗaki guda ke nan ga wanda sunansa Likita kuma likita ne, ga wanda ba likita ba amma sunansa irin na manyan likitocin Edinbara, kuma wanda ake bukatar a bi maganarsa a ranar, wato Lister, yana can ƙetaren teku. Na yarda sunan Bliss ya iya juyo da shi zuwa makarantar likitanci, domin yaron da ake kira Likita tun yana goye dole abin ya shiga ransa. Sai dai sunan bai koya masa wanke hannu ba.

Hajiya Talatu:
Wannan ya mayar da mu ga fuskar farko da na ambata. Linzami juyo da kan doki yake yi, ba ya ƙara masa ƙarfin ƙafa, kuma ba ya sanin hanya, mahayi ne ya sani. Saboda haka ni a wurina za a iya cewa suna linzami ne a kan Bliss, tunda mutum ɗaya ne da sunan da aka zaɓa masa, ko da ƙarshen bai yi kyau ba. A kan Fleming biyu, ko Lista biyu, ko Bell uku, ba za a faɗe ta ba.

Lawal Ɗan Funtuwa:
Hajiya, na sauko, amma ba duka ba. Jami'ar Haidalbag ta Jamus ta ba Bell mai tarho digirin girmamawa na likitanci a 1886, don haka a ƙarshe dai sunan ya kai shi inda takwarorinsa suke, ko da ta ƙofar baya ce.

Dakta Rabi:
Digirin girmamawa ba ya ba mutum izinin riƙe wuƙar fiɗa, Yaya. Idan takarda muke bi, Richard Gatling ya kammala karatun likitanci a Ohayo a 1850, bai zauna ya duba marasa lafiya ba, abin da duniya ta san shi da shi bindiga ce mai aman harsasai da ya samu mallakarta a 1862. John Boyd Dunlop kuwa likitan dabbobi ne a Belfas, kuma tayar da ake hura wa iska a 1887 don keken ɗansa ya fara yin ta.

Baba Ɗanjuma Bakanike:
'Yata Rabi, yanzu Dunlop ɗin da muke sa wa kekuna likitan shanu ne? To ni dai daga yau in an ce mini wane ya yi kaza, sai na tambaya wane wanen. Malam Sabi'u, kai kuma ba ka gaya mana nawa ka ba yaron ba.

Malam Sabi'u:
Baba, na ba shi cikakken makin zanen hannun, na cire ɗaya saboda fenisilin. Na kuma ba shi aikin gida ya rubuto mini shekarar haihuwa da ta rasuwar kowane Fleming. Jiya ya dawo da takardar yana murmushi, ya nuna mini cewa injiniyan ya rasu a 1945, shekarar da likitan ya karɓi kyautar Nobel tare da Howard Florey da Ernst Chain, ya ce shi har yanzu yana ganin akwai wata a ƙasa. Na ce masa ya je ya kawo wa Hajiya hujjarsa da kansa.