Baƙin gilas a fitilar babur: gayu ne ko ganganci?

Ɗan Jarwal: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya na zo da ita, kuma na san sai ta ja min surutu. Masu cewa murfi mai duhu yana kashe hasken fitilar babur, an bar su a baya. Wancan zance na zamanin ƙwan fitila mai zare ne. Yanzu da LED ta shigo, ko ka yi wa danja da sigina tazlil, wato ka manna musu leda mai duhu, abin da ke fitowa ya ishi kowa gani. Farin gilas kuwa ranar ƙasar nan ta Saudiyya ba ta barinsa, kafin ka ankara ya dafe ya koma ruwan ɗorawa. Ni na sa baƙi gaba da baya, mashin ya fito fes, kuma ban ga abin da ya ragu ba.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ina za ka ga abin da ya ragu, tunda ba kai ne a bayan kanka ba? Mu da muke saman babbar mota, mu za a tambaya. Ka hau hanyar Haramain a Jidda da azahar, rana tana dukan kwalta, yaro a gabanka ya taka burki, danjar ta ɗan yi ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe. Kafin ka tabbatar tsayawa zai yi, ka riga ka iso kansa. Mota da lodi ba ta tsayawa don an ce mata tsaya.

Ɗan Jarwal: Haba Kawu, wa ke neman fitila da rana tsaka?

Injiniya: Danjar burki da sigina ai da rana suka fi shan wuya, ɗan'uwa. Da dare ko ɗan haske kaɗan ido na kama shi. Da rana kuwa gasa suke da hasken gari gaba ɗaya. Sannan leda mai duhu ba ruwanta da irin ƙwan da ke bayanta. In rabi take tarewa, rabin na LED za ta tare, rabin na mai zare za ta tare. A fitilar gaba lissafin ya fi sauƙi: haske in ya ragu da rabi, nisan da zai kai da ƙarfinsa na da yana raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mai gudun kilomita 80 a awa kuma mita 22 yake ci duk daƙiƙa ɗaya. Sai ka auna ramin da za ka hango a makare.

Baba Makaniki: Ku bari in sa baki, tunda hannuna ne ke manna ledar nan a Sana'iyya, unguwar makanikai, kuma hannuna ne ke ɓare ta. Yawancin ƙananan baburan da yaranmu ke kai saƙo da su, ƙwan gaba HS1 ne, wat 35. Manya su ke da H4 mai 60 da 55. To mai 35 ɗin me ya tara da har za a ɗebe masa? Ƙwan baya kuma zare biyu gare shi, 5 na tafiya, 21 na burki. Tazarar nan tsakanin 5 da 21 ita ke gaya wa na baya cewa ka taka. In ka lulluɓe da baƙi, duka biyun sun dusashe.

Akwai kuma abin da ba ku kula da shi. Jan ƙyallin nan na baya, wanda ba ya amfani da batir, hasken motar da ke binka yake mayarwa. In leda ta hau kansa, hasken sau biyu zai ratsa ta, shiga da fita. Mai tare rabi sai ta bar maka kwata. Ranar da fiyus ya ƙone maka a hanyar Laith cikin dare, shi kaɗai ya rage maka. Ledar ma a kan ƙwai mai zafi ba ta jimawa take yin ƙuraje, ta tattare daga gefe.

Mandub na Sabil (mai kai saƙo): Baba, baƙi dai na bar muku shi, amma rawaya fa? Ni shi na sa a gaba. Ranar da ƙura ta taso, ko ka hau dutsen Hada za ka Ɗa'if hazo ya sauko, farin haske bango yake zame maka. Rawaya yana ratsawa. Ai Faransa ma tilasta shi ta yi.

Injiniya: Faransa ta tilasta, gaskiya ne, dokar ta fito a 1936, kuma ba su sake ta ba sai 1993. Amma batun ratsawa babu shi. Ɗigon hazo da ƙwayar ƙura sun yi girman da kowane launi kusan watsa shi ɗaya suke yi. Abin da rawaya ke yi shi ne cire shuɗin da ke cikin farin haske, wanda shi ya fi damun ido, sai ka ji idonka ya huta. Kuɗin hutun nan kuma wani kaso ne na hasken, ko da yake bai kai asarar baƙi ba ko kusa. Abin da ya fi taimako a hazo shi ne fitila ta kasance ƙasa-ƙasa, tana kallon kwalta.

Mandub na Sabil: To ni idona ne ke tuƙin, Injiniya, ba lissafi ba. In ya huta ai na ci riba.

Injiniya: Ban hana ka ba. Naka da sauƙi.

Yaya na Hindawiyya: Ni ina bayan Ɗan Jarwal a wani ɓangare, kada ku taru ku danne yaro. Manyan babura nawa ne ke fitowa daga kamfani da sigina mai duhu? Su ba su san lissafi ba ne? Kuma farin murfi yana da nasa aibin. Rana in ta faɗa cikinsa, madubin ciki sai ya ɗauka, ka rasa gane a kunne yake ko a kashe. Mai ɗan duhu, in ya kama, ka san ya kama.

Baba Makaniki: Wannan magana ce. Amma na kamfani tare aka ƙera murfin da ƙwan, aka ƙara ƙarfin LED ɗin don duhun, aka gwada, aka buga masa harafin E cikin da'ira a jikin gilas. Wanda ake odarsa da arha a intanet ka juya shi gaba da baya, babu ko ɗigo. Kwanan nan wani ya kawo min farin murfin sigina, ya bar farin ƙwansa a ciki, yana yawo yana ƙifta wa mutane fari. Murfi in fari ne, ƙwan dole ya zama ruwan lemo. Wani kuma ya cusa farar LED a bayan jan murfi, burki ya koma ruwan hoda.

Hajiya Mai Corolla: Tunda an zo kan fari, ku ba ni dama. Ni masu baƙin gilas ba su dame ni kamar masu farin ba. Yaro zai cire ƙwan asali, ya cusa LED mai shuɗi-shuɗi a gidan da ba nata ba, ya biyo ki a titin Falasɗin, madubi uku duk su cika da haske, ki rasa layinki. Wannan shi ma a cikin masu gaskiya za ku lissafa shi don gilas ɗinsa fari ne?

Kawu Direba: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wancan ya makantar da kai, wannan ya ɓuya maka.

Baba Makaniki: Madubin cikin fitila an yanka shi ne daidai inda zaren ƙwai yake zama. LED ɗin kasuwa in ba ta zauna a gurbin ba, hasken sama yake tashi, ya bar kwalta ya shiga idon mutane. Shi ma mai ita ba gani yake da kyau ba, allunan hanya kawai yake haskawa yana jin daɗi.

Yaya na Hindawiyya: Wani abu kuma, ƙanena. Mu nan baƙi ne, komai daɗewarmu. Canza wa abin hawa kama ba da izini ba mukhalafa ce, wato karya dokar hanya, kuma ba ka son abin da zai sa Murur, ɗan sandan hanya, ya tsayar da kai ya fara da fitila ya ƙare a igama, katin zamanka. In kuma aka buge ka ta baya, Allah ya kiyaye, Najm masu duba haɗari suka zo raba laifi, kana ganin wanda ya buge ka zai ga baƙar danja ya yi shiru?

Ɗan Jarwal: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min batun dafewar farin gilas. Kuma tawa ledar mai sauƙi ce, ba irin baƙi ƙirin ɗin da kuke faɗa ba.

Baba Makaniki: Dafewa rana ce ke cin fatar robar. A goge da lallausar samfefa da ruwa, a bi da man goge, a manna leda marar launi mai tare rana, shi ke nan. Mai sauƙin taka kuma kawo ta gobe bayan azahar. Za mu ɓare rabin danjar mu bar rabi, ka tsaya taku talatin a baya cikin rana, yarona ya taka burki.

Ɗan Jarwal: In na ga babu bambanci, kai za ka biya kuɗin sabuwar leda, Baba.

Baba Makaniki: Na yarda. In ka gani kuma, shayin shagon duka a kanka, har da na Kawu.

Mandub na Sabil: Ni ma zan leƙo in ba ni da oda. Amma rawayata ba mai taɓa min ita.