Grim Fandango ko Return to Monkey Island, wanne zan fara saya?

Dogo88:
Salam 'yan uwa. Na yi shekaru ba abin da nake bugawa sai ƙwallo da harbe-harbe, to kwanan nan na tuna irin gem ɗin da muke yi da yayana muna yara, ba gudu ba faɗa, kana danna maus kana tsintar kaya kana hira da mutane har ka gano mafita. Ina so in koma. Laftof ɗina tsohuwa ce RAM 4GB, kuma awa ɗaya nake samu da dare. Guda ɗaya zan iya saya yanzu, Grim Fandango da aka sabunta a 2015 ko Return to Monkey Island na 2022. Wanda ya buga dan Allah ya ba ni shawara.

Zakin_PS:
Ka nemi Uncharted 4 kawai ka huta

Yar_Gem:
Malam Zaki ka karanta tambayar kuwa? Ya ce laftof mai 4GB, kuma wancan ai tsalle ne da bindiga.

BabanSadiq:
Ɗan uwa kar ka soma. Ni sati uku na yi a kan wani tsohon gem irin wannan, kullum bayan na tashi aiki, har littafi na ware ina zana taswira ina rubuta abin da kowa ya faɗa min, na zo dab da ƙarshe sai ga ƙofa tana neman wani ɗan abu da ya kamata in ɗauka tun farkon wasan, wurin kuma ba ya komuwa, kuma sebin (adana inda na tsaya a wasan) ɗaya nake yi ina dannewa a kansa. Gem ɗin bai ce min na yi kuskure ba, barina ya yi ina ta yawo kwana huɗu. Wallahi ranar da na gane ko barci ban yi ba. Irin wannan wulaƙancin ne ya kori mutane daga garesu.

Yar_Gem:
Kai sannu. Amma na LucasArts, kamfanin da ya yi Grim Fandango da Monkey Island na asali, ba sa haka, tun Secret of Monkey Island na 1990 Ron Gilbert ya tsara shi yadda ba za ka maƙale babu mafita ba.

BabanSadiq:
Duk kanwar ja ce.

Injiniya:
Dogo ka jira ragin ƙarshen shekara na Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet, ni Grim Fandango kusan kyauta na same shi. Kafin nan sauke ScummVM, manhajar kunna tsofaffin gem irin waɗannan, ka gwada Beneath a Steel Sky, kyauta ne tun 2003.

Zakin_PS:
Wane kusan kyauta, ni da na duba ko rabi bai sauka ba

Injiniya:
A PlayStation ka duba, ba kasuwa ɗaya ba ce.

Tsohon_Hannu:
Injiniya kai da ka gama Grim Fandango da YouTube a gefe ai bai kamata ka yi magana ba. Wanda bai kwana uku a kan matsala ɗaya ba bai san daɗin abin ba.

Injiniya:
To mai awa ɗaya da dare shi zai kwana uku? Shi ya sa Return ya zo da littafin taimako a ciki har da zaɓin mai sauƙi. Kuma mutane sun dawo, a 2012 sama da dala miliyan 3 aka tara wa Tim Schafer, wanda ya ƙirƙiri Grim Fandango, a Kickstarter, shafin da jama'a ke tara kuɗin sabon aiki, shekarar kuma The Walking Dead ya kwashi kyaututtukan gem na shekara.

Tsohon_Hannu:
Wancan fim ne da maɓalli.

Kwaro:
BabanSadiq har yanzu yana bakin ƙofar nan, a taimaka a miƙa masa makulli 😂

BabanSadiq:
Yaro ba abin dariya ba ne.

Yar_Gem:
Ni abin da ke min ciwo Turancin ne. A Monkey Island 2 sai ka ɗauki biri ka murɗa famfo da shi, saboda a Amurka wani sifana sunansa monkey wrench. In ba harshenka ba ne ta yaya za ka gano?

Injiniya:
Ga rubutu ƙanana kamar tururuwa, kafin ka karanta ya wuce.

Dogo88:
Na gode, amma dai wanne zai tashi a 4GB?

Tsohon_Hannu:
Yar_Gem birin nan ni ba wanda ya nuna min fa.