Neman shawara: na sami ɗaki a gidan gado cikin birnin Kano, in kai iyali ko in bar su a ƙauye?

Mai tambaya, daga ƙasar Taura:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Taura a jihar Jigawa, amma na daɗe ina zuwa cin rani Kano, inda nake yaron shago a Kantin Kwari. Yanzu maigidana ya nemi in zauna dindindin, rani da damina, kuma wani abokin aikina ya ce zai ba ni hayar ciki da falo a gidan gadonsu da ke cikin birni, ta wajen Koƙi, a kan kuɗi mai sauƙi. Daga can da ƙafa zan riƙa zuwa kasuwa. Gidan ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, magidanta huɗu ne a ciki, makewayi ɗaya, kuma babu rijiya. Ina da mata da yara uku, mahaifiyata kuma tana gida tare da ƙanena. Shin in ɗauko iyalin zuwa wannan gida, ko in nemi wuri a bayan gari, ko in bar su a ƙauye ina leƙo su? Akwai wanda ya ce in sayar da gonata ta fadama in biya hayar shekara biyu a dunƙule.

Wani dattijo daga Ringim:

Wa alaikumus salam. Ɗana, zan fara da gonar domin ita ta fi tayar mini da hankali: kada ka sayar. Haya tana ƙarewa, shekara biyu kamar yau ce, amma fadamar da ta bar hannunka da wuya ta dawo. Ka ba ƙanenka ya noma ku raba, ko ka bayar da aro.

Sai maganar gidan. Da na ji ka ce gidan gado ne, tambayar da ta zo mini ita ce, an raba gadon ko ba a raba ba? Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa sun ratso kaka da jika ba a raba su ba, kowane ɗaki yana da masu haƙƙi, wasunsu mata ne da ke gidajen aurensu, wasu ma ba sa garin. Abokinka yana iya kasancewa mutumin kirki ƙwarai, amma idan ɗakin bai zama rabonsa shi kaɗai ba, alkawarinsa ba ya ɗaure sauran magada. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya nemi a fitar masa da haƙƙinsa, kuma shari'a ta ba shi wannan dama, ana iya sa gidan a kasuwa, kai kuma ka wayi gari kana neman inda za ka kai mace da yara. Saboda haka ka roƙe shi ya haɗa ka da babban gidan, ku je gaban mai unguwa, a rubuta wanda ya ba ka haya, da kuɗin, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wa'adin da za a ba ka idan za a tashe ka, da kuma wanda gyara yake wuyansa. Shaidu su sa hannu, ka riƙe taka takardar. Idan aka nuna maka cewa neman takarda rashin yarda ne, to wannan kansa ya isa ya sa ka yi tunani.

Wata baiwar Allah, haifaffiyar Yakasai da ke aure a Garki:

Malam, kai fita za ka yi da safe ka dawo da dare, matarka ce za ta zauna a gidan, don haka ka tambaye ta, kuma ka kai ta ta gani da idonta. Macen da ta saba da faffaɗan tsakar gida, da rumbu, da awaki da kaji, za ta tarar a birni cewa wurin girki da igiyar shanya ma rabawa ake yi, kuma makewayi ɗaya ga gida huɗu shi ne mafarin yawancin saɓanin matan gidan haya. Ruwa kuwa, inda famfo ba ya zuwa, a hannun 'yan garuwa ake saye, itace da gawayi ma saye ne. Ka kuma auna faɗin lungun, domin akwai waɗanda a daidaita sahu ba ya iya shiga, kuma idan naƙuda ko ciwon yaro ya taso da dare sai an tako zuwa bakin titi.

Duk da haka ba zan kushe cikin birni ba, domin na san alherinsa. Asibitin Murtala yana kusa, ga na yara na Hasiya Bayero, Islamiyya kuma kusan kowace unguwa akwai. Maƙwabtaka tana da ƙarfi, kuma macen da ta iya ƙosai, ɗinki ko saƙar hula tana samun ciniki daga cikin gida.

Wani magini daga Gezawa:

Yaya, shafen siminti yana ɓoye laifin ginin ƙasa. Kada ka biya sai ka ga gidan a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ka duba gindin bango ko yana jiƙe, ka ƙwanƙwasa shafen ka ji ko ya rabu da ƙasa, ka ɗaga kai ka ga ko gara ta ci azara, sannan ka bi indararo da kwata ka ga inda ruwan yake tafiya. Unguwannin da ke gangarowa zuwa Jakara, da gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike, sun fi buƙatar wannan binciken.

Wani matashi daga Ɓaɓura:

Da girmamawa ga iyayenmu, ni ina ganin ya duba Kurna ko Rijiyar Lemo, inda zai iya samun wuri mai makewayinsa. Sai dai ya sa kuɗin mota a lissafi, domin tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, a daidaita sahu ne abin hawan talaka, kuma zuwa da dawowa kullum yana iya cinye rangwamen da ya samu.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na fasa maganar sayar da gona. Na tuntuɓi abokin nawa, ya ce gadon ba a raba ba, kuma yayan mahaifinsu ne ke kula da gidan. Shin sa hannunsa shi kaɗai ya wadatar?

Dattijon Ringim:

Ya wadatar idan sauran magada sun wakilta shi, kuma mai unguwa ya shaida hakan a cikin takardar. Ka biya shekara ɗaya kawai, a hannunsa, ba a hannun abokinka ba. Ka shiga kai kaɗai ka yi daminar bana a ɗakin, iyali su zauna wurin mahaifiyarka har a gama girbi, sannan ka kawo mai ɗakinka ta kwana biyu ta ga gidan da mutanensa kafin a ɗaure kaya.