Gudu kai kaɗai ko tare da jama'a: wanne ya fi riƙe mutum?

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina gudun motsa jiki ni kaɗai, sau uku ko huɗu a mako. Da farko ban bukaci kowa ya tashe ni ba, domin ganin nisan da nake iya yi yana ƙaruwa daga kilomita 2 zuwa 5 har ya kai 10 ya ishe ni ƙwarin gwiwa. Amma wata huɗu ke nan da ci gaban ya tsaya cik, kuma tun daga lokacin sha'awar ta fara dusashewa, har ta kai agogo yakan buga da asuba in kashe shi in ce sai gobe. A watan jiya sau biyar kacal na fita. An ba ni shawarar in shiga ƙungiyar masu gudu, sai dai ina fargabar kada in zama mai jan su baya, kuma kada in rasa natsuwar da nake samu idan ina tafe ni kaɗai. Ina roƙon duk wanda ya gwada ɗayan biyun ya faɗa mini abin da ya gani da kansa.

Wata malamar makaranta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na taɓa shiga irin halin da kake ciki, kuma abin da ya fitar da ni shi ne alkawari. Mu uku ne muka yanke cewa za mu riƙa haɗuwa Talata da Alhamis da Asabar a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan ni kaɗai ce, uzuri ɗaya ya isa ya mayar da ni kan gado, amma idan na tuna akwai mata biyu da suka bar barcinsu suna tsaye suna jirana, kunya ba ta barina in kwanta. Ban da haka, ga mace akwai batun tsaro, domin akwai hanyoyi da lokutan da ba zan bi ni kaɗai ba, amma mu uku muna binsu hankali kwance. Hira kuma tana gajarta tafiya, sau da yawa sai mun kusa gama kilomita 8 nake tunawa da gajiya.

Wani da ya taɓa jin rauni

Malama ta faɗi gaskiya, amma ina so in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni shiga ƙungiya ce ta zaunar da ni gida har mako takwas. Waɗanda na shiga cikinsu sun fi ni gudu nesa ba kusa ba. Ni a lokacin ina cinye kilomita ɗaya a minti bakwai, su kuwa abin da suke kira gudu mai sauƙi bai kai minti shida ba. Girman kai ya hana ni cewa a rage, sai na riƙa binsu ina haki, kowace fita ta zame mini tsere. A mako na biyar ƙwaurina ya fara ciwo, na yi biris, har ta kai ko tafiya zan yi sai na ɗingisa. Likitan gashin ƙashi da ya duba ni ya bayyana mini cewa zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar lokaci mai tsawo kafin su yi ƙwari, shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa ya kai alhali ƙafafunsa ba su kai ba. Ban ɗora wa mutanen laifi ba, domin babu wanda ya tilasta mini. Yanzu ma'aunina shi ne magana: idan ba zan iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya sarƙe ni ba, to gudun ya wuce na ranar sauƙi, sai in ja baya ko da kuwa za a bar ni.

Wani tsohon mai horar da 'yan gudu

Abin da ya taimaki Malama da abin da ya cutar da ɗan'uwanmu abu ɗaya ne, wato mutum yana ƙara himma idan yana ganin wani a gefensa. Tun a 1898 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Norman Triplett, ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da wasu fiye da idan kowa yana fafatawa da agogo shi kaɗai. Ranar 6 ga Mayu 1954, lokacin da Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu a Oxford ta Ingila, abokan atisayensa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su suka yi masa jagora a zagayen farko-farko. Haka ma Eliud Kipchoge na Kenya, da ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a 2019, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna daidaita masa sauri da tare masa iska, kuma wannan na daga cikin dalilan da ba a lissafa lokacin a matsayin tarihin duniya ba.

Saboda haka a shekarun da na yi ina horarwa, na fi so a yi amfani da wannan ƙarfi a inda ake bukatarsa. Ranar atisaye mai tsanani, kamar maimaita mita 400 sau takwas ko hawan tudu, jama'a suna da amfani ƙwarai, domin a karo na shida ne zuciya take raya wa mutum ya tsaya, kuma ƙarar takun na bayansa ke hana shi. Sauran ranakun kuwa, waɗanda ya kamata su ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar na gudun mako, a yi su a hankali, ko kai kaɗai ko da wanda bai fi ka sauri ba. Ɗan'uwa mai tambaya, ina zaton tsayawar ci gabanka ta samo asali ne daga yin gudu iri ɗaya kullum. Kafin ka shiga kowace ƙungiya, ka tambaye su ko suna raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon sauri, kuma ko akwai wanda aka ɗora wa tafiya da na ƙarshe.

Wata ma'aikaciyar jinya

Ni ba ni da zaɓi, domin aikina na karɓa-karɓa ne, wani mako dare wani mako rana, kuma babu ƙungiyar da za ta bi jadawalina. Shekara shida ke nan ina gudu ni kaɗai ban daina ba. Nakan ajiye kaya da takalmi tun kafin in kwanta, kuma na yi wa kaina ƙa'ida cewa zan fita na minti goma kawai, idan har lokacin jikina bai so ba in dawo. Da wuya nake dawowa. Ina da littafin da nake rubuta kowace fita, burina kuma kada in gaza minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a kai. Idan kasala ta yi yawa nakan yi rajistar gasa wata uku gaba. Abin da nake jin tsoro ga masu dogara da ƙungiya shi ne ranar da ƙungiyar za ta watse. Da na yi rabin fanfalaki, kilomita 21.1, daga kilomita na 17 babu wanda ya ɗauke mini komai, sabon da na yi da lallashin kaina ne ya kai ni ƙarshe.

Malamar makaranta

'Yar'uwa, maganarki ta taɓa ni, domin hakan ya faru da mu. Ɗaya ta haihu, ɗaya aka sauya mata wurin aiki, ni kuma na yi wata biyu ban sa takalmin gudu ba. Bayan mun sake haɗuwa na ware Lahadi ina fita ni kaɗai da gangan, don kada in sake mantawa da yadda ake tashi ba tare da wani yana jira ba.

Wani dattijo mai ritaya

Ɗana mai tambaya, a kan tsoronka na zama na baya nake so in yi magana, domin shekarata 66 kuma kusan kullum ni ne na ƙarshe. Na fara ne bayan na ajiye aiki, lokacin da gida ya yi mini shiru fiye da yadda na zata. A shekara uku ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafin jirana ba, hasali ma matasan sukan gama su dawo su raka ni mita ɗari biyun ƙarshe. Tsarin parkrun da aka fara a wani lambu a Landan a 2004 da mutum 13, gudun kilomita 5 kowace Asabar kyauta, yana da ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo ƙarshe don kada wani ya ji an bar shi, kuma a ƙungiyarmu ma haka muke yi. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da na yi rashin lafiya ban fito ba, mutum huɗu ne suka kira ni kafin rana ta ɗaga.

Mai buɗe zance

Na gode Baba, na gode Malam mai horarwa, da ku duka. Na je wurin ƙungiyar masu gudun ranar Asabar, na yi tambayoyin nan biyu, na tarar suna da rukuni uku kuma akwai mai tafiya da na ƙarshe. Na zaɓi rukunin da ya fi tafiya a hankali duk da ina ganin zan iya bin na tsakiya, muka yi kilomita 7 ina magana ba tare da haki ba. Litinin da Laraba na fita ni kaɗai da ƙa'idar minti goma ta 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, kuma duka biyun na kammala. 'Yan ƙungiyar suna yin maimaicin mita 400 a filin wasa ranar Alhamis da yamma. Malam, ga wanda bai taɓa yi ba, da sau nawa ya kamata in fara, kuma hutun minti nawa zan riƙa yi a tsakani?